Sawun Raƙumi da Sawun Kiyashi

Samarin da ke zama a rumfata yanzu suna ganin sayar da kayan karatu ba sana'a ba ce, zaman inuwa ne kawai. Mota ta kawo littattafan ɗab'i daga Kano, ka kwance, ka jera a tabarma, mai so ya zo ya ɗauka. Ɗan ƙanena ya taɓa ce mini, "Baba, ai wagga sana'a ko makaho ya iya ta." Ban tanka masa ba a lokacin, don akwai mai ciniki a gabana. Amsar ce nake rubutawa yanzu, shi da ire-irensa su duba in sun ga dama.

Sunana Bawa. A Bodinga aka haife ni, kuma Bawa Mai Allo ake ce mini daga nan har Shagari. Ban gaji malanta ba, ban gaji dukiya ba. Karatuna ya tsaya inda zan yi salla daidai, in kuma dubi rubutu in san mai kyau da maras kyau. Sauran abin da na sani a kan jaki na koye shi, a zamanin da Turawa ke mulki, hanya kuma ta ƙafa ce.

Allon farko da na sassaƙa, a gidan Kawu Labbo na yi shi. Masassaƙi ne, ƙanen mahaifiyata, mutum mai ƙarancin magana. Ya ba ni guntun itacen aduwa da gizago, ya koma ga aikinsa. Na fafe, na daidaita, na yi ta gogawa da ganye mai kaushi, na bi da dutse, har allon nan ya riƙa ɗaukar ido. Na kai masa ina jiran yabo. Ya tsoma alƙalami a kurtu ya ja layi ɗaya. Tawada ta tattaru ɗigo-ɗigo, ta gangaro ƙasa. Ya miƙo mini abina ya ce, "Madubi kay yi. Kai ma amarya." Allon da ya yi santsi ƙwarai ba ya riƙe tawada, wanda ya yi kaushi kuma yana cinye bakin alƙalami. Tsakiyar nan ake nema, kuma tafin hannu ke gane ta, ba ido ba.

A wurinsa na koyi fiƙe alƙalamin gamba. Na mai fara koyo ana barin bakinsa da faɗi, domin hannun da bai saba ba dannawa yake yi, siririn baki kuwa nan da nan ya dagargaje. Na koyi haɗa tawada iri biyu. Ta allo da gawayi da ƙaro ake yi, don ta wanku. Ta takarda da bagaruwa da kashin maƙera, wadda in ta zauna ta zauna ke nan. Da na ga Kawu yana sassaƙa yana jiran mai saye ya zo har gida, ni kuwa zama ba ya karɓa ta, sai na roƙe shi ya riƙa ba ni alluna ina kaiwa ƙauyuka. Da haka na yi jaki. Bodinga, Sifawa, Shagari, Horo Birni, da duk wani ƙauye da ake jin ƙarar karatu, na san zauren malaminsa.

Ciniki da malamai sai wanda ya yi. Malami zai ɗauki allo ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya fara sa maka albarka tun ba a yi ciniki ba. In ka ji addu'a ta yi tsawo, to, ragi ake nema. Ban taɓa ƙin addu'a ba, amma nakan bari a shafa, sannan in maimaita farashina yadda na faɗa da farko. Wani abu kuma da na lura tun ina saurayi: abin da malami ke yabawa a gaban 'yan'uwansa malamai daban, abin da yake aikowa a saya masa washegari daban. Ba ƙarya suke yi ba. Da baki suna faɗin abin da ya burge su, da hannu suna ɗaukar abin da zai yi musu aiki.

Abin da ya ɗaga ni daga mai tallan allo zuwa ɗan kasuwa shi ne warƙa. Yawancinku ba ku tarar ba, don haka bari in fayyace. Mai fara karatu, malami ne ke rubuta masa a allo, babbaƙu tukuna, wato baƙaƙe zalla ba wasali, daga baya farfaru masu wasali. Idan hannunsa ya fara faɗawa, sai a daina rubuta masa. A ba shi warƙa, takarda guda mai ɗauke da ƙananan surori, ya riƙa dubawa yana kwaikwaya a allonsa da kansa. Cikakken Alƙur'ani na hannu sai gidan babban malami, kuma ba a barin mai koyo ya kusance shi. Saboda haka warƙa ce ke yawo. Ni ke sayen farar takarda a Sakkwato, in kai wa marubuci, in karɓo in rarraba a makarantu. Hannun da na zaɓa, shi ne hannun da masu koyo a ƙasar nan za su tashi da shi, ko sun san ni ko ba su san ni ba.

Marubucina Malam Ɗanbaba ne na Sifawa, dattijo mai raha. Da hantsi yake aiki, a gindin durumin ƙofar gidansa, da katako a kan cinya. Hannunsa irin na ƙasarmu ne, kakkaura, baƙi wuluk, kowane baƙi a zaune daram kamar tukunya a kan murhu. Idon mim ɗinsa, ƙwayar gero za ta zauna a ciki ba ta taɓa tawada ba. Aibinsa biyu ne a wurin ɗan kasuwa. Ba ya sauri, kuma yana cin takarda. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Bawa, baƙi ma awa mutum shike. Matse shi ka gani in shina magana."

A haka muke har yaƙin Turawa na biyu, wanda aka kwashi samari zuwa ƙetare. Kaya suka ɗauke a kantunan Sakkwato. Yadi ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, takarda kuwa ta ɓace ɗungurungum. Na ga malamai suna yanke gefen tsofaffin littattafai don su sami inda za su rubuta laya. Akwai wani Kwara, wato Balaraben Sham, mai kanti da muka daɗe muna hulɗa. Ya kira ni bayan kanti ya fito da ƙunshin takarda ɗaya, ya gaya mini gaskiya cewa babu wani a bayansa, kuma bai san ranar da jirgi zai kawo ba. Na saye da duk abin da ke hannuna. Na cusa shi a ƙarƙashin buhun albasa na kora jakina, domin in malami ya tare ka a hanya ya ce ka ba shi takarda ɗaya don Allah, ba ka da bakin hanawa, kuma malaman hanyar Bodinga ba ɗaya ba ne.

Ƙunshin nan shi ne sana'ata gaba ɗaya. In aka rubuta shi da hannun da makarantu za su yi aiki da shi, ina nan a kasuwa har takarda ta dawo. In aka rubuta shi da wanda ba za su yi aiki da shi ba, malamai su koma rubuta wa kowa a allo, su manta da hanyar gidana, ni kuma in koma gizago a gidan Kawu. Allo in an ɓata a wanke. Takarda ba ta wankuwa.

A shekarar nan ne wan matata, Alhaji Ummaru, ya dawo daga Gabas. Da ƙafa ya tafi tun ina yaro, ya zauna Sudan shekaru yana aiki yana karatu, ya sauke farali, ya komo gida ba gona ba jari, ga iyali. Abin da ya zo da shi ilmi ne, da ɗan gwangwani cike da bakin alƙalami na ƙarfe, da hannun rubutu irin na can: siriri, a miƙe, a tsare, kamar an auna kowane baƙi. Ban taɓa ganin rubutu mai kyansa ba, har yau kuwa.

Ranar da na shigo da ƙunshin, mai ɗakina ta aje mini tuwo ta tsaya. Ta ce, "Ga Yaya can zaune ba aikin yi, ga takarda ɗakinka. Ko sai an yi ma shela?"

Shi ma da kansa ya zo, abin da bai saba ba, don ni ya kamata in je. Muka gaisa, ya ce in kawo warƙar Malam Ɗanbaba ɗaya. Ya duba, ya auna da yatsa, ya ce, "Abin da tsohon ga ka cika warƙa biyu da shi, ni warƙa guda ta ishe ni, har wuri shi rage. Kuma abin da shika yi wata, ni kwana kaɗan na."

Gaskiya ya faɗa. Ƙunshi ɗaya zai zama kamar biyu. Ga sunan Alhaji, wanda a lokacin ba kowane gari ke da shi ba, kuma suna yana sayar da kaya. Ga surukuta. Ko ta ina na duba, shi ya kamata in ba. Abu ɗaya ya riƙe ni: ban taɓa sayar wa mai koyo irin wannan hannu ba, ban kuma san wanda ya taɓa ba. Akwai ɗan bambancin ɗigo a wasu baƙaƙe tsakanin hannun Gabas da namu, amma wannan malami zai gyara da baki a zama ɗaya, bai dame ni ba. Abin da ban sani ba shi ne ko hannun mai fara koyo zai iya bin sa. Na ce masa, "Allah shi gafarta Malam, a ba ni 'yan kwanaki."

Na zare takarda ɗaya na raba ta biyu da wuƙa. Rabi na ba Alhaji, rabi na kai Sifawa, na ce kowa ya rubuta mini surorin nan na ƙarshe iya inda takarda ta ɗauka. Alhaji ya gama kafin in sha fura. Da na nuna wa Malam Ɗanbaba ta Alhaji, ya kawo ta kusa da hanci, ya nisanta, ya yi dariya ya ce, "Tubarkalla. Kiyashi ya hwaɗa kurtu, ya hito ya bi takarda." Da na dawo da tasa na nuna wa Alhaji, bai yi dariya ba. Ya ce, "Raƙumi ya taka laka."

Na fara da malaman Bodinga, a zauren da suke taruwa bayan la'asar. Na aje rabin biyu a kan buzu. Ta Alhaji ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wani ya ɗora ta a goshi. Wani ya ce, "Wanga shi na rubutu, mu dai ɓata tawada muka yi." Wani ya ce duk wadda na kawo shi zai fara ɗauka. Ta Malam Ɗanbaba ba wanda ya ɗaga, sun saba ganinta tun suna yara. Ina gefe ina kallonsu, sai na lura ɗaya daga cikinsu ya riƙe takardar a nesa, inda na tabbata idonsa ba ya rarrabe baƙaƙen, amma bakinsa yana karantawa tiryan-tiryan. Surorin suna kansa tun kafin a haife ni. Ba karantawa suke yi ba, kallo suke yi. Ni kuwa ba don su nake rubuta warƙa ba.

Saboda haka na ɗaura wa jaki kaya na nufi Shagari, gidan Modibbo Jumma. Tsohuwa ce malama, mijinta ya daɗe da rasuwa. Matan aure ke zuwa wurinta da hantsi in sun gama aikin gida, da abin kaɗinsu a hannu, da 'yan mata, da tsofaffin da sai da furfura ta fito suka ce ba za su mutu ba su san abin da suke faɗa a salla ba. In ana neman masu koyo na gaskiya, waɗanda ba su da komai a ka, suna gidanta. Kuma ta fi kowane malami sayen warƙa a wurina. Ni iyakata zaure. Ita ke fitowa, da sandarta, da goro a kunci.

Bayan gaisuwa na miƙa mata rabin biyu na ce a riƙa aiki da su, zan dawo.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kyauta? Daga hannunka, Bawa? Lalle tashin duniya ya matso."

Na ce, "Aro na, Inna."

"Yawwa. Yanzu nij ji muryarka. Wace za mu ɗauka ciki?"

"Wadda kunka ga dama."

Ban gaya mata hannun wane da wane ba ne, amma ta sani, don labarin dawowar Alhaji ya riga ni isa.

Na yi zagayena na ƙauyuka da alluna da tawada. A gida, mai ɗakina takan tambaye ni da ido, ni kuma in dubi akushi. Ƙunshin yana nan a rataye cikin fata saboda gara. Da kasuwar Shagari ta sake zagayowa na koma.

Modibbo ta fito da fara'a. Ta aika aka ɗauko wani ɗan kwando mai murfi. A ciki akwai farin ƙyalle, a cikin ƙyallen ga rabin Alhaji, tana ƙamshin turare. Ko lanƙwasa babu. Ta ce, "Ka gani? Mun adana ma ita. Wagga ai ba a wasa da ita, hannun da yat taɓa Ɗakin Allah na. Mata sun zo har daga Horo Birni sun gani. In za ka kawo muna, irin wagga za ka kawo, mu ma mu shiga sahun mutane."

Na ce, "To, Inna. Ina ɗayar?"

Ta waiga cikin gida ta ɗaga murya. "Ke Ige! Ina warƙar tsohon Sihwawa?"

Aka ce tana wurin Ta-Allah. Ta-Allah ta ce ta ba Kulu. Kulu ta tafi da ita gida jiya, ta dawo da ita da safe, tana ƙarƙashin faifan wata. Sai da aka jima kafin a miƙo ta ta bayan zana.

Na karɓa na duba. Gefenta ya yi laushi kamar tsumma. Akwai farin allin kaɗi a ƙarƙashin kowane layi, inda yatsa ya yi ta bi. Akwai shatin lalle a kusurwa, da ɗigon tawada ba ɗaya ba, kuma warin albasa ya kama ta. Modibbo ta ji kunya, ta fara faɗa. "Ku dubi yadda kunka yi da kayan mutane! Na ce ku wanke hannu bayan alwala ma." Ta juyo gare ni. "Ka yi haƙuri, Bawa, ba su da hankali."

Na ce ba komai, na roƙa a fito mini da allunansu. Aka jero su a jikin bangon zaure. Duk hannun Malam Ɗanbaba ne, a karkace, a gurguje, wani mim kamar ƙwarya wani kamar tulu, amma kowanne idonsa a buɗe, ana gane shi. Allo ɗaya ne aka gwada hannun Alhaji a kai. Na wata ce mai ƙoƙari, an ce ita ta fi su duka. Alƙalamin gamba ba bakin ƙarfe ba ne, itace kuma ba takarda ba ne. Tawadar gawayi ta bazu, idanun baƙaƙen duk sun cike, layin ya koma kamar jerin ƙuda. Daga rabi ta bari, ta koma kakkauran. Modibbo ta ƙara mini da abin da ban tambaya ba, tana ba da uzuri. Ta ce warƙa ɗaya ake ajewa a tsakiya a kan faifai, mata su kewaye ta, wata daga gefe take hange, wata a juye ta wajen kan takardar, kuma rabinsu idonsu ya sha hayaƙin murhu. Siririyar sai mutum ya ɗauka ya kai fuska, in ɗaya ta ɗauka kuwa sauran sun zauna banza.

Duk da haka ta sake cewa, "Amma dai ta Gabas ta hi kyau. Ita za ka kawo."

Na ce, "To, bari in tahi da wagga mai dauɗa, in bar muku mai kyau ku ci gaba da ita."

Na fara naɗe ta. Ban kai ga sa ta a aljihu ba, sai murya ta taso daga bayan zana, ta wata da ban taɓa ganin fuskarta ba. "Inna, kar ki bari shi tahi da ita! Ban ƙare ba, saura layi biyu!" Wata ta ce, "Ni ko hwarawa ban yi ba. Shi ɗauki ta cikin kwando mana, mi muka yi da ita?"

Modibbo ta tauna goronta, ta dubi zana, ta dube ni. Sannan ta miƙo hannu ta zare mai dauɗar daga hannuna, ta tura mini kwandon da ƙafar sandarta. Ta ce, "Kai dai ɗan kasuwa na. Tashi ka ba mu wuri."

Ban biya gida ba, gidan Alhaji na wuce, don irin wannan magana ba a barin ta ta riga ka isa. Na tarar da shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na aje rabinsa a gabansa. Ya ɗauka ya juya ta, ya shinshina turaren, ya ce, "Sun girmama ta."

Na ce, "Ƙwarai, Allah shi gafarta Malam."

Ya sake dubawa, ya kai ta wajen haske, ya bi gefenta da yatsa. Mutum ne mai hankali, kuma ya koyar a can inda ya zauna. Ya ce, "Ba su taɓa ta ba."

"Ba su taɓa ta ba."

"Ta tsohon fa?"

"Sun hana ni ita."

Na gaya masa abin da na gani a alluna, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce in zai fiƙe gamba ya buɗe hannunsa ya yi kakkaura irin namu, sai in raba ƙunshin biyu. Na san da wuya ya yarda, kuma na san hannun da ya shekara yana tsukewa ba ya buɗewa a wata ɗaya, amma ya kamata in faɗa. Ya ce, "Ban tahi Gabas da ƙahwa ba don in komo in taka laka. Can yara da wanga hannu suka hwarawa, kuma suna iyawa."

Na ce, "Can suna da takarda da bakin ƙarhe, kowa da tashi. Nan allo na, da gamba, da warƙa guda tsakanin mutum goma."

Ya ce, "Ka gama magana?"

Na ce na gama. Ya tura mini rabin takardar ya ce in tafi da abina, ni na saya.

Washegari na kai ƙunshin Sifawa. Malam Ɗanbaba bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban ba shi labari ba. Na dai ce ya rage gefe, ya bar zayyana, amma kada ya taɓa girman baƙi. Ya yi ta yi a hankali yadda ya saba, ina karɓa kaɗan-kaɗan ina kaiwa. Warƙoƙin ba su yi yawa ba, rabin abin da Alhaji zai fitar. Amma ba wadda ta kwana a hannuna. Malaman Bodinga da suka yi rantsuwa da hannun Gabas, su suka fara aiko yara da sassafe a ba su ta Sifawa, ba kuma wanda ya tambayi ɗayar. Da ƙunshin ya ƙare na ci gaba da alluna da tawada, ina shiga zaurukan nan dai, ana tambayata yaushe takarda za ta zo. Da yaƙi ya ƙare ta zo, ba su nemi wani ba.

Abin yana da farashinsa. Alhaji bai sake taka gidana ba har aka yi salla biyu, ranar sunan ɗana ma aike ya yi. Mai ɗakina ta daɗe tana aje mini tuwo ba magana. Shekarar nan da wahala Alhaji ya ci ta, na sani, amma buhun geron da na aika masa ya dawo mini a kan jakin da ya kai shi. Da takarda ta wadata na je na same shi da wani aiki: littattafan fiƙihu da na nahawu, na manyan ɗalibai, masu riƙe littafi su kaɗai a kusa da ido, masu son abu da yawa a wuri kaɗan. A nan hannunsa ba shi da na biyu. Ya karɓa, muka yi shekaru muna aiki, amma maganar ƙunshin nan ba mu sake tayar da ita ba har ya rasu.

Yanzu ga littattafan ɗab'i sun cika kasuwa, da yawansu da hannun Gabas, kuma yaran makarantun da ke da benci da takarda suna farawa da shi lafiya lau. Alhaji bai yi ƙarya ba. Ni ma ina sayar da su. Amma in baƙon littafi ya zo, na masu fara koyo, har yau ba na tambayar malami ra'ayinsa. Nakan ba da aron guda biyu, in yi zagayena, in dawo in duba gefensu.

Rabin Malam Ɗanbaba ban sake ganinta ba. Modibbo ta ce ta yi ta yawo gida-gida har ta rududduge, aka tattara guntayen aka binne yadda ake yi wa rubutu mai tsarki. Rabin Alhaji tana nan a gafakata. Ɗan ƙanena ya gan ta kwanan baya ina neman wani abu, ya ce, "Baba, wanga rubutu da kyau shike! Sabo na?"

Na ce masa ta girme shi nesa ba kusa ba.